Masu Gadin Kwamfutar Kallamu

Kallamu mai lasifika bai taɓa mayar da kyauta ba tunda aka haife shi. Ina faɗa da ƙarfin gwiwa ne domin gonarmu iyaka ɗaya, jeren aduruku kaɗai ya raba mu, kuma tun muna yawo ba wando nake kallon halinsa. Ka ba shi takalmi ya matse shi, zai sa ya zo masallacin Juma'a yana ɗingishi don idonka ya gani. Ka ba shi irin waken da bai dace da ƙasarsa ba, zai ware masa wuri a bakin hanya ya shuka, ya yi ta yi masa noma duk damina. Mutane suna cewa kirki ne. Ni ma na yarda kirkin ne, amma akwai taurin kai a ciki.

Ni Bafulatani ne, shi Babarbare, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa halalina ne, wasan gado ne tsakaninmu. Kakansa ya zo daga gabas da jakunan kanwa, ya sauka a ƙauyenmu da ke gefen titin Kano zuwa Bici da niyyar ya huta ya wuce. Da ya ga yadda ƙasar nan take karɓar gero da gyaɗa sai ya manta hanyar gida. Yau in ka yi wa Kallamu Barbarci, gaisuwa kawai zai iya mayar maka, ita ma da kurakurai. Mahaifiyarsa ce, Inna Yagana, take riƙe da harshen har yanzu, sai ɗakinta da kullum yake tashin turaren wuta.

Noma ne sana'arsa kamar kowa a nan, amma murya ce ta sace masa zuciya. Yana saurayi wani kawunsa ya ba shi rediyo mai kaset, shi ke nan garin nan bai ƙara samun sirri ba. Tafsirin azumi ya ɗauka, maulidi ya ɗauka, kiɗan gayya ya ɗauka, har rigimar iyakar gona in ya samu labari da wuri. Daga baya ya sayi lasifika da ƙaramin janareto, ya zama ba a suna ba a ɗaurin aure sai ka ga Kallamu a kan tsani yana ɗaure ƙahon lasifika a reshen darbejiya, yana hura makirfo yana tambayar mutanen da kunnensu ya kusa toshewa ko suna ji. Kasusuwan rediyon da ya tara kuwa buhu-buhu ne a ƙarƙashin gado, ko ɗaya babu suna a jiki. Matarsa Aina'u ta sha cewa ɓeraye sun fi ta samun wurin zama a ɗakin nan.

Ranar da kwamfuta ta shigo gidan, na ga dattijo mai furfura yana rawar jiki kamar yaron da aka ɗinka wa kayan salla. 'Yarsa ta fari, Ikhlas, ita ta sayo masa bayan ta gama kwalejin ilimi ta Bici ta fara koyarwa. Ta hannu ce, gefenta ɗaya da tabo, amma tana aiki garau. Ta ce a juye kasusuwan nan ciki kafin su ruɓe. Kallamu bai iya yi mata godiya ido da ido ba, domin 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa. Sai ya juya wajen Aina'u ya ce, "Ki faɗa wa yarinyar nan Allah ya yi mata albarka." Yarinyar kuwa tana tsaye a gabansa.

To, a garinmu in mutum ya yi sabon abu, sa ne ko babur ko keken ɗinki, sai an zo an sa albarka, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Mai igiya ya kawo igiya, mai dusa ya kawo dusa, mai kanwa ya kawo kanwa. Shi kuma mai abu dole ya yi amfani da abin da aka kawo, a gani, in ba haka ba ya nuna ya fi ƙarfin kyautar. Haka aka yi wa kwamfutar Kallamu. Ni na kai ƙyallen atamfa na rufe ta, liman ya tofa mata addu'a, wata maƙwabciya ta aiko da faifai a riƙa ɗora ta a kai. Duk waɗannan ba su cutar da kowa ba. Masu ilimin abin ne suka kawo rigima.

Dabo mai gyaran waya a tashar Bici shi ya fara. Ya zo da filash a aljihu, ɗan abin nan da ake kwafar bayanai a ciki, ya ce akwai cutar da ake kira bairos, tana bin memori ta shiga kwamfuta ta cinye abin da ke ciki, don haka ga gudummawarsa, antibairos, maigadi mai koren tambari. Kallamu ya yi ta godiya har da raka shi bakin titi. Ba a jima ba mijin Ikhlas, Abdurra'uf, ma'aikaci a sakatariya, ya zo gaida surukai. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ce shi ma ya zo da ɗan abin da ya sawwaƙa. Nasa mai shuɗin tambari ne, kuma haɗe yake da abin da ya kira fayawol, wato katanga, ba mai shiga ba mai fita sai da izini. Bai tambaya ko an riga an sa wani ba, Kallamu kuma bai faɗa ba, don kada yaron ya ji kamar an riga shi.

Daga nan kwamfuta ta fara nawa. Ka kunna ta ka je ka ba akuya ruwa ka dawo, tana nan tana tunani. Ikhlas ta duba ta gane, ta aika ta bakin uwarta cewa maigadi ɗaya ake sa wa, in suka yi yawa junansu za su riƙa kamawa. Ina zaune Aina'u ta isar da saƙon. Kallamu ya gyara zama ya ce, "Ki ce da yarinyar nan, shagon Alhaji na Bacirawa kwaɗo uku ne a ƙofarsa, ban taɓa jin sun yi faɗa ba." Na yi dariya har na ƙware, shi kuwa ya ɗauka hujjarsa ce ta burge ni.

Duk da nawar, aikin juye kaset yana tafiya. Zai haɗa waya daga tsohon rediyon zuwa kwamfuta, ya danna, ya rufe ɗaki ya tafi gona, in ya dawo ya saurari farkon abin don ya san sunan da zai sa masa. Wata la'asar ina cirar ciyawa cikin gyaɗa sai na hango shi yana tsallake kunyoyi da gudu, babu takalmi, ya keta ta cikin aduruku ya kama hannuna. Da ƙyar na fahimci abin da yake faɗa: ya samu muryar mahaifinsa.

Mahaifin nasa, Malam Modu, ya rasu tun Ikhlas tana rarrafe. Mutum ne marar yawan magana, mai kauri a murya, wanda in ya yi addu'a a taro sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Ko hotonsa babu a gidan, domin bai yarda da hoto ba. Kallamu ya daɗe da fidda rai cewa ya taɓa ɗaukar muryarsa. Ashe tana nan cikin buhu, addu'ar da ya yi ranar sunan Ikhlas. Muka koma gida tare, ya ce bari ya sake sa kaset ɗin in ji da kunnena. Rediyon ya yi wata ƙara, ya tauna zaren ya naɗe shi a cikinsa. Muka zaro a hankali, muka gwada liƙawa da jan farce kamar yadda ake yi a da, amma zaren ya riga ya mutu, duk inda ka taɓa sai ya gutsure. Muryar Malam Modu ta zama ba ta ko'ina a duniya sai cikin kwamfutar nan mai nawa.

Ya ɗauke ta cak zuwa ɗakin Inna Yagana. Tsohuwar idonta ya yi rauni, ƙafa ma sai da sanda, amma kunnenta ya fi nawa. Da ya faɗa mata, ta laluba ta riƙe hannunsa. Ta ce, "Kada ka kunna min yanzu. Ni kaɗai a ɗaki ba zan iya ba. Ikhlas ta kusa sauka, ka bari sai ranar suna, in ji shi cikin mutane kamar yadda na saba jin sa." Kallamu ya yi mata alƙawari. Kafin magariba duk garin ya san Malam Modu zai yi addu'a a sunan tattaɓa-kunnensa, domin Kallamu ba ya iya riƙe labari mai daɗi ko na minti ɗaya.

Ikhlas ta dawo gida haihuwa kamar yadda ake yi a ta fari, ta sauka lafiya, namiji. Dangin miji suka ce sun bai wa Kallamu zaɓin suna, kuma a yi taron a ƙofar gidansa saboda ƙafar Inna. Murna ta yi masa yawa, ya wanke lasifika, ya canja wa janareto mai, ya share gindin darbejiya har sai da ƙasa ta yi santsi. Cikin wannan hidima Alhaji Abdussalam ya zo barka.

Alhaji Abdussalam yayan Aina'u ne, shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya ba da aurenta, don haka a wurin Kallamu suruki ne cikakke. Dillalin bulo da siminti ne a Bacirawa, mutum mai kyauta, amma mai son a san ya yi. Ya ji labarin kwamfuta, ya shiga kasuwa a birni ya ce a ba shi maigadin da ya fi kowanne ƙarfi. Ya zo da shi cikin kwali mai sheƙi, mai jan tambari, ya miƙa wa Abdurra'uf a gaban jama'a ya ce, "Sa masa wannan, na asali ne." Na ga Abdurra'uf ya juya kwalin a hannunsa. Ya dubi Alhaji, ya dubi surukinsa, ya sunkuyar da kai ya sa. Alhaji ya leƙa ya ga jan tambarinsa ya fito a kusurwar allo, ya ce duk zuwan da zai yi sai ya duba lafiyar yaronsa.

Washegari kwamfuta ta tsaya cak. Ka kunna, fankarta ta ɗauki gurnani, ƙasanta ya yi zafi kamar tanda, sai akwatunan rubutu su fara fitowa suna hawa kan juna. Ikhlas ta karanta mana daga bakin ƙofar ɗakin jego: mai ja ya ce mai kore ɓarawo ne, mai kore ya ce ya kama wani abu a jikin mai ja, mai shuɗi ya rufe katanga ya hana su duka biyun motsi yana neman izini. Kibiyar da ake nuni da ita ta kafe a tsakiyar allo. Aka sa filash don a kwafe muryar, babu wanda ya bar shi ya buɗe. Kallamu ya zare batir ya mayar, ya sake, ya sake, har Ikhlas ta roƙe shi ya daina kada ya lalata abin da ke ciki gaba ɗaya.

Ya kira Dabo a waya, ya sa a bayyane muna ji. Dabo ya ce hanya biyu ce. Ko a wanke ta tas, komai ya tafi, ko a cire masu gadin. Ya ƙara da cewa ko an cire bai yi alƙawarin muryar tana nan lafiya ba, saboda zare batirin da aka yi ta yi. Ya ce nasa dai a cire, ya yafe. Kallamu ya kashe wayar. Ya zauna a kan turmi ya riƙe kai.

"Baba," in ji Ikhlas daga bayan labule, "a cire duka ukun. Akwai maigadin da ta zo da shi daga kamfani, da ya ga baƙi ne ya koma gefe. In sun fita zai dawo bakin aikinsa, kuma ba kyautar kowa ba ne, ba wanda zai ce an fifita wani a kansa."

Kallamu ya dubi akuyar da ke ɗaure a gindin rumbu, ita ya bai wa amsa. "Na Alhaji fa? Jiya-jiya ya kawo, a gaban mutane. In cire in ce masa me?"

Na ce a cire kawai, in Alhaji ya zo a ce masa kwamfuta ce ta tofar. Kallamu ya dube ni kamar na ce a sato akuya. Ya ce shi bai taɓa yi wa surukinsa ƙarya ba, kuma abin da aka ba ka a fili ba a fitar da shi ta bayan gida. In dai za a cire, sai mai kyauta ya yarda da bakinsa.

Ana gobe suna, ina karyawa, sai ga shi da babur, ya goya kwamfuta a ƙirji cikin ƙyallen atamfata, da ƙullin goro a aljihu. Ya ce, "Ɗan Fillo, ajiye ƙwaryar nan, yau za ka yi amfani a rayuwarka."

Muka fara da Abdurra'uf. Kallamu ya tsaya can nesa a gindin kuka yana duba tayar babur da ba abin da ya same ta, ni na shiga da goro. Ina faɗin abin da ya kawo mu yaron ya sauke numfashi. Ya ce, "Wallahi Baba Yahya, na daɗe da gane nawa yana cikin masu hana ta tafiya. Kunya ce ta hana ni in ce wa Baba abin da na kawo masa ba alheri ba ne." Na fito ina faɗa ni kaɗai. Wata da watanni mutum biyu suna kallon kwamfuta tana shaƙewa, kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa.

Muka kama titi sai Bacirawa. Mun samu Alhaji a ƙofar shagonsa, ana loda bulo a kura. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwa. Kallamu ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya koma kan damina, ya yaba geron bana, ya sake tambayar iyali. Rana tana ta yin sama, ni kuma raina yana ta ɓaci. Da ƙyar ya ajiye goron a gaban Alhaji ya ce, cikin wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba, kwamfutar ce ba ta jin daɗi, masu gyara sun ce ko za a ɗan sassauta masu gadin.

Fuskar Alhaji ta canja. "Wato nawa ne mai laifin?"

"A'a, Alhaji, ba haka ba ne."

"Na Dabo da yake rabawa kowa a tasha bai yi laifi ba, sai nawa da ya zo cikin kwali? In ba ka so, Kallamu, ai da ka faɗa tun a can."

Kallamu ya jawo kwamfutar jikinsa. Ya fara naɗe ƙyallen yana cewa a bar shi ma, ba komai, Allah ya huci zuciyar Alhaji, za a san yadda za a yi. Na ga da gaske tashi zai yi, ya koma ya ce wa tsohuwar nan me? Nan haƙurina ya ƙare. Ni ba surukin kowa ba ne a wurin.

Na ce, "Alhaji, ka gafarce ni, wannan Babarbaren ba zai iya faɗa ba. Muryar Malam Modu ce a cikin abin nan, kuma ba ta ko'ina sai nan. Inna Yagana tana jiran ta ji ta gobe. Masu gadi uku sun kama junansu da kokawa a bakin ƙofa, sun hana kowa shiga. Ba naka kaɗai za a cire ba, duka ne."

Alhaji ya tsaya da goro a hannu. "Wane Malam Modu? Malam namu?"

Na ce shi.

Alhaji ya ajiye goron. Ya ce ranar da mahaifinsu ya rasu yana yaro, bai san inda zai sa kansa ba, Malam Modu ne ya yi wa gawar wanka, shi ya sa ta a kabari, shi ya riƙo hannunsa daga maƙabarta har gida. Sai ya miƙe tsaye, babbar riga tana kwashe kofunan ruwa, ya juya kan Kallamu. "Kai yanzu Malam yana kulle cikin akwati, ka zauna kana ba ni labarin gero? Tashi. Ku bar babur ɗin nan, ku shiga mota."

Ban taɓa sanin Alhaji yana gudu da mota haka ba. Gonaki suna ta wucewa, gero ya yi kai, dawa ta fara ja, mata suna tsinkar kuɓewa a bakin titi, shi kuwa hon kawai yake yi wa masu adaidaita sahu. Kallamu yana baya ya rungume kwamfuta, baki har kunne, yana ta cewa a dai yi a hankali da ramuka. Ni ina gaba ina karanto duk addu'ar da na haddace.

Rumfar Dabo ba ta fi ɗaukar mutum biyu ba, amma kafin a jona caji 'yan acaɓa da masu rake da fasinjojin da ke jiran mota ta cika sun kewaye mu, domin Alhaji yana sauka ya sanar da kowa abin da ake ciki. Dabo ya ce zai shiga ta ƙofar baya, inda masu gadin ba su farka ba tukuna. Ya danna wasu maɓallai, allo ya fito fari-fari babu ado, kibiya ta motsa. Wurin ya ɗauki sowa. Ya kai hannu zai fara da mai kore, Alhaji ya riƙe shi ya ce nasa za a fara cirewa, kuma da yatsansa. Aka nuna masa wurin. Ya yi bisimilla ya danna da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Jan tambari ya tafi, shuɗi ya bi shi, kore ya bi su, kowanne sai an jira shi ya gama kwashe kayansa, kowanne in ya fita sai 'yan acaɓa sun yi masa tafi.

Sai Dabo ya kashe ta ya sake kunnawa. Kallamu ya rufe ido. Ni kaina na matsa kusa ina leƙe, ni da na zo rakiya. Fankar ta yi ɗan tari ta yi shiru, allo ya buɗe tun kafin mai rake ya gama feraye sanda ɗaya. Dabo ya shiga inda muryoyin suke, ya gangara, ya tsaya a kan wanda aka sa wa suna Baba. Bai yi wata-wata ba ya kwafe shi a filash ya damƙa wa Kallamu a hannu, sannan ya danna.

Aka ji shuuu na tsohon kaset, aka ji gyaran murya, sai wata murya mai kauri ta ce, "A'uzu billahi." Kallamu ya kai hannu ya tsayar. Jama'a suka yi ca, kowa yana a bari a ji. Ya girgiza kai, hawaye yana bin gemunsa, yana dariya. Ya ce Inna ce za ta fara ji. Alhaji ya juya baya yana gyaran hanci, ya ce hayaƙin tashar nan ya yi yawa.

Safiyar suna ƙofar gidan ta cika har bakin gona. Labari ya kai ƙauyukan kewaye, tsofaffin da suka san Malam Modu sun zo, wasu a kan jaki, wasu jikoki sun goyo su a babur. Aka raba goro da dabino, liman ya raɗa suna Muhammadu, wato Modu a bakin mutanen gabas. An shimfiɗa wa Inna Yagana tabarma a cikin soro, dab da ƙofa, ta sha lafaya sabuwa, mata sun cika bayanta. Daga inda nake ina ganin gefen fuskarta.

Kallamu ya hura makirfo, ya tambaya ko ana ji, aka ce ana ji. Ya danna.

Muryar ta fito daga reshen darbejiya ta rufe wurin. Ya yi salati, ya roƙa wa abin da aka haifa imani da lafiya da albarka, ya roƙa wa gari ruwa mai amfani, ya roƙa wa waɗanda suka riga mu gafara. Duk inda ya tsaya sai amin biyu ta tashi, ta mutanen cikin kaset, waɗanda rabinsu suna ƙarƙashin ƙasa, da tamu. Tsofaffi suna kuka ba sa ɓoyewa. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannuwa tana amin a hankali, kanta a karkace wajen lasifika. Aka shafa fatiha, mutane suka rufe Kallamu da musabaha, wannan ya ja shi nan, wancan ya rungume shi, ya bar kwamfuta tana ta tafiya.

Ashe a wancan sunan na Ikhlas ma Kallamu bai kashe rediyon ba, ya rataya shi a kafaɗa ya shiga cikin gida da shi, kuma tunda ya juye bai taɓa sauraron abin da ya biyo bayan fatiha ba. Lasifika ta ci gaba da kawo ƙarar takalma, da kukan rago, da guɗar mata, da luguden taɓarya. Hayaniyarmu ta fara lafawa, mutane suna ɗaga kai. Sai muryar nan mai kauri ta dawo, kusa sosai, ba muryar addu'a ba, muryar mutum a tsakar gidansa da ya gaji da nema.

"Yagana, wai ina kika ajiye min hulata?"

Daga cikin soro, ba tare da ta yi tunani ba, Inna ta ɗaga murya ta ce, "Tana kanka, Malam."

Ba ta rufe baki ba lasifika ta amsa, da muryar mace mai ƙarfi, tana dariya daga wajen murhu: "Tana kanka, Malam."

Inna Yagana ta ja gefen lafayarta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Kallamu ya yunƙura zai je ya kashe, ta ɗaga masa hannu ɗaya daga cikin mayafin.

"Bar shi," in ji ta. "Bai gama magana ba."